Daga Sawakin Zuwa Sanganib, Inda Na Ga Murjani Da Ransa

A gidanmu a Kano, murjani abin wuya ne. Kakata tana da wani ja da take ajiyewa cikin adudu, ba ya fitowa sai ranar biki, kuma har na girma ina ɗaukarsa dutse kamar tsakiya. Sai da na je gaɓar Bahar Maliya, 'yan watanni kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, na gane cewa halitta ce mai rai, tana ci, tana girma, tana kuma ciwo.

Zumunci ne ya kai ni. Ƙanin kakanmu ya bar gida da ƙafa da niyyar aikin Hajji, ya bi ta Chadi da Darfur kamar dubban Hausawan zamaninsa, ya ya da zango a Bur Sudan, birnin tashar jiragen ruwa a gaɓar Bahar Maliya, zangon ya zama zama. Jikokinsa suna can, Hausarsu ta gauraya da Larabci amma ba ta ɓace ba. Ɗaya daga cikinsu, ƙane a gare ni, yana karatun ilimin teku a Jami'ar Bahar Maliya, shi ya ɗauki nauyin zagayawa da ni.

Sawakin muka fara zuwa, kimanin kilomita 60 kudu da Bur Sudan. Daga nan alhazanmu na dā suke shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tsohon garin yana kan ɗan tsibiri, kuma yawancinsa ya zama kufai: benaye sun zube, tagogi sun rataye, ga ƙarfen gyara a jikin wasu masallatai. Na dafa wani bango, sai na ji shi da kaushi, ga 'yan ramuka jere kamar saƙar zuma. Ƙanena ya ce, "Yaya, duk garin nan da murjani aka gina shi. Kowane rami da ka gani ɗakin wata 'yar halitta ne." Ba irin jan na kakata ba ne, ɗan uwansa ne mai gina tsauni a ƙarƙashin ruwa. Ƙarfin ginin nan na murjani ma yana cikin abin da ya kashe wa Sawakin kasuwa, domin mashigar tashar ta yi wa manyan jirage ƙunci, Turawan Ingila suka soma gina Bur Sudan a 1905.

Bayan kwana biyu muka yi sammako, muka sha jabana, wato gahawa mai citta, a bakin tasha, muka shiga kwalekwale mai inji tare da ɗalibai uku, muka nufi Sanganib. Sanganib tana da nisan kusan kilomita 25 daga gaɓa. Ba ƙasa a wurin, sai zoben murjani da ya taso daga zurfin ɗaruruwan mitoci, da doguwar hasumiyar fitila a tsaye a kansa. Tun 1990 aka keɓe shi don kare halittunsa, a 2016 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya tare da mashigin tekun Dungunab.

Aka ɗaura mini rigar da ke hana nitsewa, aka ba ni gilashin fuska da bututun numfashi. Da na kifa kaina cikin ruwa, tasbihi kawai na iya yi a zuci. Wasu murjanin shimfiɗe suke kamar faifai, wasu sun yi rassa kamar ƙahon barewa, wasu dunƙule kamar rumbu. Launin ƙasa-ƙasa ya fi yawa, sai kore da shunayya jefi-jefi. Ƙananan kifaye masu ruwan lemo sun yi gajimare a kansu. Har ƙara ake ji, ƙas-ƙas, na wani kifi mai baki kamar na aku yana kankare gansakuka daga jikin dutse.

Ɗaliban ba kallo suka zo ba. Suka shimfiɗa igiyar awo a kan murjanin, suna bi a hankali, kowane rabin mita su tsaya su rubuta da fensir a kan farin allo abin da ke ƙarƙashin igiyar: mai rai ne, matacce ne, yashi ne ko gansakuka. Wani yana ƙirga kifi, wani yana riƙe da kati mai launuka daga mai duhu zuwa fari yana gwadawa da jikin murjanin. Aiki ne mai cin rai, kuma sai an maimaita shi shekara bayan shekara a wuri ɗaya kafin ya faɗi wani abu. Na girmama yaran nan ƙwarai.

A wani lungu marar zurfi inda ruwan ya yi ɗumi, na hango wasu rassa farare tas. Na fito ina murna, na ce wannan ya fi duka kyau. Ƙanena bai yi dariya ba. Ya ce, "Wannan jinya yake yi, Yaya." A cikin naman murjani akwai wasu tsirrai ƙanana da ido ba ya gani, su ke ba shi launi da mafi yawan abincinsa daga hasken rana. Idan zafin ruwa ya haura abin da ya saba da digiri ɗaya kacal, ya kuma daɗe makonni, sai murjanin ya kore su, ƙashinsa ya bayyana. In ruwan ya huce da wuri yana iya farfaɗowa. In ya ƙi, yunwa ta kashe shi, gansakuka ta lulluɓe gawar. Kusa da wurin ya nuna mini waɗanda suka riga suka mutu, sun yi toka-toka, kifi ma ya ƙaurace musu. Irin dunƙulallen nan kuwa, da ƙyar yake ƙara santimita ɗaya a shekara, don haka wanda ya kai tsawon mutum ya girmi kakanmu.

A lokacin, Sanganib tana cikin masu sauran lafiya. A duniya, tsakanin 2009 da 2018 kaɗai an rasa kusan kashi 14 cikin ɗari na murjani, alhali kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a jikinsa suke rayuwa. Mai kwalekwalenmu, dattijo ɗan ƙabilar Bija, ba da lissafi ya faɗa ba. Ya ce kifin najil da yake kamawa kusa da gaɓa yana saurayi, yanzu sai ya ƙona mai ya yi nisa. Da za mu tsaya kuwa ya ƙi jefa anga a kan murjani, ya yi ta kewaye har ya sami yashi.

A Afrilun 2024 na ji a rediyo cewa hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta tabbatar da farin ciwon nan ya game tekunan duniya karo na huɗu, bayan na 1998 da 2010 da wanda ya faro a 2014. Na kira ƙanena a daren. Gidansu cike yake da 'yan uwa da suka gudo daga Khartum, ana ta hayaniyar yara a bayansa. Bayan mun gaisa na tambayi lafiyar kowa, sai na tambaye shi fararen rassan nan na lungu. Ya yi shiru kaɗan, ya ce rabonsa da shiga ruwa an daɗe, amma igiyar da allon suna nan rataye a ɗakinsa.