Shago a Taswira, Ajiya a Ɓoye: Aikinmu na Bitcoin a Jos

Mu 'yan kaɗan ne, ba mu da ofis ba mu da suna. Akwai masu gyaran waya biyu daga Dilimi, da wasu ɗalibai na Jami'ar Jos, da wani mai POS a Farin Gada, sai ni da nake ɗan taɓa rubuta manhaja. Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ne ya haɗa mu, lokacin da mutum zai yi tiransifa kuɗi su fita daga asusunsa, mai kaya ya tsaya jiran alat har magariba. Amma ba mu iya fitowa fili ba, domin tun Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su rufe asusun masu hulɗa da kirifto. Sai da ya janye wannan umarni a Disamban 2023 muka fara shiga kasuwa muna tambayar mutane ko suna karɓar Bitcoin.

Burinmu shi ne mu sa shagunan Jos a BTC Map, taswirar intanet da ke nuna wuraren da ake karɓar Bitcoin. Ita wannan taswira daga OpenStreetMap take ɗauko bayanai, wato taswirar duniya da aka fara a Ingila a 2004, wadda kowa zai iya buɗe asusu ya yi gyara a ciki. Kan kowane shago ana rubuta cewa yana karɓar Bitcoin, da hanyar da yake karɓa, ko ta Lightning, hanyar biya mai sauri da arha, ko ta babban layin Bitcoin na asali, sannan ranar da aka tabbatar da hakan. Wannan rana ita ce jigon abin. Idan ta haura shekara ba a sabunta ba, shagon ya shiga sahun waɗanda ba a da tabbas a kansu.

Da muka buɗe taswirar sai muka tarar manyan tituna suna nan, Titin Bauchi da Ahmadu Bello duk an zana, amma da ka kutsa cikin Gangare ko Rikkos sai ka ga lunguna babu ko shago ɗaya. Mu kuma a nan adireshi da baki ake ba da shi: bayan masallaci, daura da mai shayi, ka tambayi mai faci. Ƙa'idar OpenStreetMap ta hana kwafo bayani daga taswirar Google, don haka dole ƙafa ta taka. Rabin aikinmu ya koma zanen unguwa zalla, muna sa famfo da chemis da makarantar allo, abubuwan da ba ruwansu da kirifto. A ganina wannan ɓangaren ma ya fi amfanar jama'a, domin ko wanda bai taɓa jin sunan Bitcoin ba zai iya neman hanya da shi.

Mun kafa wa kanmu doka ɗaya: ba a sa shago sai an sayi wani abu a ciki an biya da Bitcoin, ko katin waya ne ko caja. Dalili kuwa, sau da yawa maigida zai ce yana karɓa, da gaske kuma yake, amma walet ɗin, wato manhajar karɓa da ajiye kuɗin, yana wayarsa, shi kuma yana Kano sarin kaya. Yaron shago ya kalle ka ya ce, "Oga bai nan, sai dai tiransifa." Irin wannan shago ba mu sa shi, in ma yana ciki muna cirewa. Kuma masu zuwa biya da Bitcoin ɗin ba su da yawa. Ɗan kasuwa da Naira yake saro kaya, mafi yawan masu kirifto da na sani USDT, kirifto mai bin darajar dala, suke riƙewa don gudun faɗuwar Naira, wasu kuma da ka ambaci kuɗin intanet sai su tuna MMM na 2016 ko CBEX da ya rufta da kuɗin mutane a Afrilun 2025. Ga kuma batun halacci, wanda malamai suka saɓa a kai. Wanda ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba, mukan yi masa godiya mu wuce.

Wanda ya sauya mana tsarin aiki wani dattijo ne mai shagon kayan lantarki, wanda ya daɗe yana karɓar kuɗi ta kirifto daga ɗansa da ke waje. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, wato so kake ka rubuta wa duniya cewa a wannan rumfa akwai kuɗin da idan an karɓe ba banki da zai dawo da su?" Na ce, "Alhaji, ai talla ce, masu saye za su same ka." Ya ce, "Masu saye sun san hanya. Waɗanda ba su sani ba su nake tsoro."

Duk wanda ya rayu a Jos ya ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 ya san nauyin nuna wa baƙo rumfar wane da gidan wane. Yanzu ga garkuwa da mutane ta ƙaru a kai. Daga nan muka daina sa lambar wayar mai shago, ba ma sa sunansa sai sunan shagon, gida kuwa ko alama. Matan da ke sayar da turaren wuta da atamfa daga cikin gida ta WhatsApp, wasunsu sun fi masu rumfa iya amfani da walet, amma ko sun nema ba mu sa su. Kuma kafin shago ya hau taswira sai mun zauna da mai shi kan yadda yake ajiya. Walet ɗin waya kamar aljihun teburin shago ne, cinikin yini kawai ake bari a ciki. Abin da ya taru a kwashe zuwa inda ba ya tare da mutum a kasuwa.

Nan ne na'urar ajiya ta shigo. 'Yar ƙarama ce, aikinta riƙe mabuɗin sirri ba tare da ya taɓa shiga waya ko kwamfuta ba. Waya ta shirya biyan, na'urar ta nuna adireshi da adadi a fuskarta, mutum ya duba ya danna, ta sa hannu. Ko da waya ta kamu da muguwar manhaja mai sauya adireshi, fuskar na'urar za ta nuna gaskiya, in dai mutum ya tsaya ya karanta. Mafi yawan mutane ba sa tsayawa, shi ya sa muke sa su karanta haruffan farko da na ƙarshe da baki.

Samun ta ne wahala. Trezor, wadda ta fara fitowa a 2014 daga ƙasar Cek, da Ledger ta Faransa, duka biyun da kuɗin waje ake saye, ga kuɗin kawowa. Ta hannu kuwa ba a saye, komai arharta, haka wadda ta zo da kalmomin sirri, wato waɗanda ake dawo da mabuɗin da su, a rubuce cikin kwali, domin wanda ya rubuta su yana da kwafi. Sayen daga kamfani ma da nasa haɗari. A 2020 an sace bayanan abokan cinikin Ledger, sunaye da adireshin gida na mutum sama da 270,000 suka bazu a intanet, daga baya har aka riƙa aika wa wasu na'urorin bogi ta gidan waya. Saboda haka wanda zai yi oda a cikinmu ba ya ba da adireshin gidansa.

Masu gyaran wayarmu su ne suka kawo shawarar SeedSigner. Wannan ba kamfani ke sayar maka da ita a rufe ba, kai ne za ka haɗa: ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi Zero irin wadda ba ta da wayifai, da kyamara, da ɗan allo, manhajar kuma a buɗe take kowa na iya dubawa. Da lambar QR take magana da waya, babu igiya. A teburin gyara a Dilimi, tsakanin fasassun fuskokin Tecno, aka haɗa ta farko, kuma kafin a ɗora manhajar sai da muka tantance sa hannun masu ita don kada a ɗauko gurɓatacciya. Na ji daɗin ta ƙwarai wajen koyarwa, amma ba na ba dattijo shawarar ta. Ba ta riƙe mabuɗi. Da an cire wuta ta manta komai, don haka duk sanda za a yi biya sai an fito da kalmomin sirri daga maɓoyarsu, kuma yawan fito da su shi ne haɗarin.

Kalmomin nan, 12 ko 24, daga jerin kalmomi 2048 ake zaɓo su, kuma su ne kuɗin. Na'ura ta faɗa ruwa, a sayi wata a shigar da su, komai ya dawo. Wani ya gan su, ba ya bukatar na'urarka. Abin da muka fi fama da shi shi ne ɗaukar su hoto, ko mutum ya tura wa kansa ta WhatsApp wai don kada ya manta. Takarda ta fi, amma 'yan kasuwar Jos ba sai an yi musu wa'azin gobara ba, babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002 da dukiyar mutane a ciki. Sai muka koma farantin ƙarfe mara tsatsa. Mai walda ya yanka, amma mai kuɗin ne zai buga haruffan da hannunsa a ɗakinsa, kuma haruffa huɗu na farkon kowace kalma sun isa, domin babu biyu a jerin da suka yi tarayya a cikinsu. Kafin a zuba kuɗi mai yawa, mukan sa mutum ya tura 'yan satoshi, wato 'yan canjin Bitcoin, ya goge na'urar gaba ɗaya, ya dawo da ita daga abin da ya rubuta. A nan ake gano wanda ya tsallake kalma ko ya juya jerin.

Matsalar da har yau muke kai da komo a kanta ita ce gado. Kuɗin banki, magada za su bi ta kotu su karɓa. Wannan kuwa idan mai shi ya rasu da sirrinsa, haƙƙin marayu ya tafi, babu alƙalin da zai iya buɗewa. In kuma ya ba babban ɗansa kalmomin tun yana raye, ya miƙa masa dukiyar duka ke nan, ga 'yan uba ga kishiyoyi. Akwai tsarin mabuɗai uku da sai biyu sun haɗu kuɗi ke fita, kuma shi Alhajin mai kayan lantarki ya zaɓa: ɗaya a wurinsa, ɗaya wurin ƙaninsa a Bukuru, na uku wurin wani amininsa, tare da rubutacciyar wasiyya mai bayanin inda kowanne yake da yadda za a haɗa su. Tsarin yana da wuyar kafawa, kuma bayan mabuɗan akwai bayanin asusun da shi ma dole a adana kwafinsa a kowane wuri. Mun shirya zama da ƙanin nasa bayan Sallah, a gwada fitar da kuɗi kaɗan da mabuɗai biyun da ba na Alhaji ba, shi yana zaune yana kallo.