Juma'a, 25 ga Afrilu 2025: lamba 25 da tambayar Kawu

Barcin jiya guntu ne. Zagayen farko na diraf, wato zaɓen sabbin 'yan wasa na NFL, gasar ƙwallon Amurka, ya ja har dare ya yi nisa, kuma ko da aka tashi daga taron a Green Bay wayata ba ta huta ba, don zaurenmu na WhatsApp ya kama da wuta. Asuba, shayi, aiki rabin yini, sai masallaci.

Da farin ciki na tashi. Ƙungiyarmu, New York Giants, sun ɗauki Abdul Carter a lamba 3, sannan suka yi musaya da Houston suka dawo lamba 25 suka ɗauki Jaxson Dart. Carter mai farautar kwatabak, Dart kuma kwatabak, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar farmaki, a dare guda. Ƙungiyar da ta ci wasa 3 ta sha kashi 14 a bara, me za ta nema da ya wuce haka?

Bayan an sauko Juma'a na sami Kawu inda muka saba, ya riga ni zama, ya ajiye motar a tsallake. An kawo masa wake da shinkafa amma ko cokali bai taɓa ba. Na gaishe shi, ya amsa a gajarce, sannan ya ce, "Ɗan nan, sun sake yi."

Na ce, "Kawu, wanne daga ciki? Carter ko Dart?"

Ya ce duka biyun, amma a fara da Dart, yaron jami'ar Ole Miss. Hujjarsa ita ce suna da lamba 34 a hannu, ta biyu a zagaye na biyu. Me ya hana su kwana, gari ya waye su ɗauke shi a nan? Maimakon haka sun ba Houston lamba 34, da lamba 99, da zaɓensu na zagaye na uku na 2026, duk don su matsa gaba da gurbi tara. Ya ɗaga yatsu uku yana ƙirgawa. Mutum uku, in ji shi, a kan yaro ɗaya da ba zai ma fara wasa bana ba, tunda an riga an kawo tsofaffin hannu a kwatabak, Russell Wilson da Jameis Winston, a watan Maris.

Na ce masa lissafin ba haka yake ba. Lamba 34 ba asara ba ce, ita ce ta koma 25. Abin da ya fita daga aljihu zaɓi biyu ne na zagaye na uku, kuma ɗaya daga ciki, lamba 99, ta diyya ce da aka ba su saboda 'yan wasan da suka bar ƙungiyar a 2024. Sannan akwai abin da mutane ke mantawa. Tun 2011 albashin sabbin shiga a ƙayyade yake, kowa kwantiragin shekara huɗu, amma wanda aka ɗauka a zagayen farko kaɗai ne ƙungiya ke da ikon ƙara masa shekara ta biyar ba tare da ta zauna ciniki da shi ba. A lamba 34 babu wannan. A lamba 25 akwai. Ga kwatabak, shekarar nan ɗaya ta fi zaɓin zagaye na uku daraja nesa ba kusa ba. Dart zai karɓi kusan dala miliyan 17 a shekara huɗu gaba ɗaya. Dak Prescott na Dallas yana karɓar miliyan 60 a shekara guda. Rufin albashin bana dala miliyan 279.2 ne ga kowace ƙungiya, kuma da shi za a biya kowa. In Allah Ya sa yaron ya yi kyau, tazarar da ke tsakanin kuɗinsa da kuɗin manya ita ce za ta sayi masu gadin kwatabak da masu kama ƙwallo. Ga kuma Cleveland a lamba 33, gaba da mu, su ma suna neman kwatabak. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya saurare ni har ƙarshe, sai ya ce, "Shekara ta biyar. To, Daniel Jones ba shi da ita ne?"

Nan ne zancen ya koma inda kullum yake komawa. Yana da ita. An ɗauko Jones, tsohon kwatabak ɗinmu, daga jami'ar Duke a lamba 6 a 2019, zamanin manaja Dave Gettleman. Da manaja Joe Schoen da koci Brian Daboll suka zo a 2022 suka ƙi ƙara masa shekarar, wadda kuɗinta bai wuce dala miliyan 22.4 ba. A lokacin ba wanda ya zarge su, don yaron bai nuna komai ba tukuna. Sai kakar ta zo da abin da ba a zata ba: nasara 9, kashi 7, kunnen doki 1, aka je Minnesota aka ci su 31 da 24 a wasan fitar da gwani. Kwantiragin Jones da na Saquon Barkley, mai gudu da ƙwallo, suka ƙare lokaci ɗaya, kuma tambarin riƙo, wanda ke ba da damar riƙe ɗan wasa shekara ɗaya a kan ƙayyadadden kuɗi, guda ɗaya tak ƙungiya ke da shi a shekara. In ka manna wa Jones, miliyan 32.4 ne na shekara ɗaya, Barkley kuma ya shiga kasuwa. In ka manna wa Barkley, miliyan 10.1 ne, amma dole ka gama ciniki da Jones kafin wa'adi ya cika. Ranar 7 ga Maris 2023, saura 'yan mintoci, suka ba Jones shekara huɗu a kan miliyan 160, suka manna wa Barkley tambarin.

A ganina nan aka karkace, ba a 2024 da Barkley ya tafi ba. An sa dogon kuɗi a kan wanda ake shakka, an sa gajeren igiya a kan wanda aka tabbatar. Da an juya, Jones ya yi shekara ɗaya a kan tambari, da watan Nuwamba 2023 da jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Las Vegas an rabu salin-alin. Maimakon haka aka ja har Nuwamba 2024 kafin a sallame shi, kuma bana ma akwai sama da dala miliyan 22 na mataccen kuɗi, wato na wanda ya riga ya bar ƙungiya, a lissafinmu a kan mutumin da yanzu yake Indianapolis.

Kawu bai musa ba. Amma shi zafinsa Barkley ne, kuma na san dalili. A nan Bronx aka haife shi. Ya tafi Philadelphia, abokan gabarmu na ƙut da ƙut, a kan miliyan 37.75 na shekara uku, kuɗin da bai kai abin da Jones ke ci a shekara ɗaya ba. Ya dawo filinmu na MetLife a watan Oktoba ya yi mana gudun yadi 176. Ya gama kaka da yadi 2,005, ya ɗaga kofin Super Bowl ranar 9 ga Fabrairu, ranar da ya cika shekara 28. Shi kansa mai ƙungiyar, John Mara, an ji shi a talabijin yana cewa barci zai yi masa wuya in yaron ya koma Philadelphia. Kawu ya ce shi har yau bai yi barcin ba.

Na ce, "Kawu, ku duba lamba ɗaya kawai. A 2023 a wurinmu, duk ɗaukar ƙwallo yadi 3.9 yake samu. A 2024 a wurinsu, 5.8. Ƙafafun nan ne dai, shekara ɗaya ma suka ƙara tsufa. Abin da ya sauya mutum biyar ɗin da ke gabansa ne. Jordan Mailata a hagu, Lane Johnson a dama, Landon Dickerson a ciki. Kafin wani ya taɓa shi ya riga ya wuce layi. Da ya zauna da mu, da ba za ku ga 2,005 ba."

Ya ajiye cokalin da ya fara ɗauka. Ya dube ni ya ce, "Madalla. Da bakinka ka faɗa. To wa zai tsare wannan yaron da kake murna da shi?"

Tambayar nan ce ta hana ni sakat tun rana.

Don gaskiyarsa ce. A 2023 sau 85 aka kayar da kwatabak ɗinmu. A wasa 17, wato sau biyar kowane mako. Andrew Thomas, wanda shi kaɗai ne ginshiƙin katangar masu gadin kwatabak, ya ji rauni a ƙafa a watan Oktoban bara, wasa shida kacal ya buga. Evan Neal da aka ɗauka a lamba 7 a 2022 don ya riƙe ɓangaren dama bai zama abin da aka sa rai ba. Kuma jiya a lamba 3 duk masu gadin suna nan. Will Campbell ya tafi New England a lamba 4, Armand Membou ya tafi Jets a lamba 7, Kelvin Banks ya tafi New Orleans a lamba 9. Kawu ya ce a layin masu farauta muna da Brian Burns da aka biya miliyan 141, muna da Kayvon Thibodeaux, muna da Dexter Lawrence a tsakiya. Wanda rumbunsa ya cika da gero, rufin ɗakinsa na yoyo, sai ya sake sayen gero?

Na kare Carter, kuma har yanzu ina kare shi. A lamba 3 ba gurbi kake cikewa ba, mutumin da ba ka samun irinsa a kasuwa kake ɗauka. Bara ce shekararsa ta farko a gefen layi a Penn State, bayan shekara biyu yana tsayawa baya, amma sau 12 ya kayar da kwatabak, aka ba shi gwarzon mai tsaron baya na gasar jami'o'i ta Big Ten. Masu farauta kuma ba sa yin yawa, don ana juya su ne, wani ya fita wani ya shigo, domin ƙarfinsu ya kai kwata ta huɗu. Da haka Philadelphia ta kayar da Patrick Mahomes sau shida a Fabrairu da mutum huɗu kawai, sauran bakwai suna baya suna tsare masu kama ƙwallo. Da haka mu ma muka karya New England a Fabrairun 2008, lokacin Michael Strahan da Justin Tuck da Osi Umenyiora, 17 da 14. Da na ambaci Umenyiora fuskar Kawu ta ɗan saki. Ya kuma ce ya ji daɗi da yaron Musulmi ne, Allah Ya tsare shi. Amma ya tuna mini abin da likitoci suka gani a ƙafarsa ta dama a Fabrairu, alamar ƙashi ya fara gajiya. Wannan ma gaskiya ne.

Abin da na kasa faɗa masa a teburin, sai a jirgin ƙasa ya zo mini, shi ne tsorona ba Dart ba ne. Yaron yana da hannu: yadi 4,279 a bara, ya jefa aka ci sau 29, aka ƙwace masa sau 6 kacal, ya kuma zarce Eli Manning a yawan yadi a tarihin Ole Miss. Sai dai tsarin Lane Kiffin, kocinsa a Ole Miss, yana sauƙaƙa wa mai jifa. Wasa ne mai sauri, ana nuna alama daga gefen fili, sau da yawa mutum ɗaya ko biyu zai duba ya saki ƙwallo. A NFL zai kira dogon umarni da bakinsa, ya karanta masu tsaron baya kafin a fara, ya sauya tsarin kariya in ya hango farmaki, ya bi mutum na uku da na huɗu da ido alhali ƙato na tahowa. Wannan koyo ne na watanni, kuma wurin koyonsa benci ne. Shirin da aka yi ke nan da kawo Wilson na shekara ɗaya. Amma Wilson shekararsa 36. Daboll da Schoen kuma sun san mai ƙungiya ya gaji da haƙuri. In aka shiga Oktoba ana shan kashi, filin wasa na ihu, kocin da kujerarsa ke rawa ba ya barin sabon yaro a zaune. Zai tura shi bayan katangar nan. Kwatabak da aka fara dukansa da wuri yakan koyi kallon masu zuwa kansa maimakon kallon fili, ƙafarsa ta ƙi tsayuwa, ya riƙa sakin ƙwallo kafin lokaci. Mun ga yadda hakan ya cinye Jones a gaban idonmu. Daboll ya yi aiki da Josh Allen a Buffalo tun yana ɗanye, shi ne abin da nake riƙe da shi.

La'asar. Sayayyar Maman yara, an manta da man gyaɗa, an koma. Auta ya kawo takardar makaranta a sa hannu.

Ƙarfe bakwai aka buɗe zagaye na biyu. Cleveland, lamba 33: Carson Schwesinger, mai tsaron baya. Ko minti ɗaya ba a yi ba wayata ta yi ƙara. Ban ma ce sallama ta ƙare ba ya ce, "Ka gani? Ba kwatabak suka ɗauka ba. Da mun jira." Na ce, "Kawu, ba su ɗauka ba bayan Dart ya riga ya tafi. Kuma ku jira New Orleans." Lamba 40, New Orleans ta ɗauki kwatabak, Tyler Shough. Na tura masa saƙo. Ya karanta, bai amsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, kuma shekara shida Kawu ya yi yana kallon Jones.

Houston ta ɗauki Jayden Higgins da lambarmu ta 34. Kwatabak Shedeur Sanders har aka rufe daren ba a kira sunansa ba, zauren ya koma kansa, ni ban sa baki ba.

Lamba 65 tamu ce, ita kaɗai ta rage mana yau. Na zauna ina cewa a raina mai gadi, mai gadi. Darius Alexander aka kira, daga Toledo, shi ma layin tsaron baya. Ɗan wasa ne mai kyau, kuma Lawrence na bukatar na gefensa, don bara ana ratsa mu da gudu ta tsakiya. Amma zaɓi uku ke nan, ba ko ɗaya a katanga. Kawu bai kira ba wannan karon. Gobe da rana za a ci gaba daga zagaye na huɗu, muna da lamba 105. Na sa ƙararrawa.