Darasin da Na Koya a Gindin Teleski

Tun da na dawo Damagaram na buɗe gareji a Zengo, ƙannena masu shirin fita karatun kanikanci ba su daina tambayata labarin hunturu biyu da na yi ina aiki a wani ƙaramin filin sulun dusar ƙanƙara a tsaunukan Jura na Faransa ba. Teleski uku kawai wurin ke da su, wato injinan jan masu sulu zuwa kan tudu. Igiyar ƙarfe ce ke zagayawa bisa turaku, ɗauke da sanduna masu faifai a ƙarshensu. Mai sulu ya saka faifan tsakanin cinyoyinsa, injin ya ja shi zuwa kan tudu ƙafafunsa na ƙasa. Irin wannan na'ura injiniya Jean Pomagalski ya kafa a Alpe d'Huez, wani filin sulu a tsaunukan Alps na Faransa, a 1936, kuma ƙauyuka na riƙe da ita har yau saboda arha ce, iska ma ba ta cika tsayar da ita ba.

A saman tudu akwai siririyar ƙofa da ke kashe injin nan take idan mutum ya wuce masauka bai saki sanda ba, kuma ƙa'ida ce a gwada ta kowace safiya. Wata Laraba motar 'yan makaranta ta iso da wuri, maigidan wurin ya ce in kunna injin kawai, gwajin jiya ya wadatar. Na san an kwana ana hazo mai daskarewa, da idona na ga ƙanƙara ta lulluɓe turaku kamar an yayyafa gishirin Bilma, amma na yi shiru, domin an rene mu a kan cewa ba a musu da babba. Wata yarinya ta firgita ta ƙanƙame sandarta, ta ture ƙofar, makunnin da ya daskare bai ko motsa ba, sai da abokin aikina ya danna jan maɓallin kashe injin. Ta faɗi ta gurɗe a wuyan hannu.

Sa hannuna ne a littafin gwaji, ni na rubuta cewa komai lafiya. Maigidan ya tsaya gaban malamai yana girgiza kai kamar bai taɓa buɗe baki ba, kuma hunturun gaba ba a neme ni ba.

Sauran darussan ƙanana ne: maiko yana ƙanƙarewa da sanyi, kuma ba a kama ƙarfe da hannu tsirara. A garejina yanzu mota ba ta fita sai yaro ya taka birki a gabana, ko da mai ita yana ta kallon agogo. Shi kuwa maigidan, labari ya iske ni cewa har yau shi ke riƙe da makullin wurin.