Akun da na bari a hannun Waziri

Kwafin littafin Abubakar Imam, Magana Jari Ce, na farko da ya shigo hannuna ba bango, ba ƙarshe. Na yayana ne, shi ma gadonsa ya yi a wurin wani, kuma kafin ya iso gare ni fallayen baya sun zube, na gaba sun yi laushi kamar tsumma saboda yawan hannu. Wani mai haƙuri ya taɓa ɗinke ƙashin bayansa da baƙin zare. Ina aji huɗu a firamare lokacin, karatuna bai gama nuna ba, sai in bi layi da ɗan yatsa, leɓe na motsi, tocila a ƙarƙashin mayafi don kada a ce in kwanta.

Wanda ya karanta ya san yadda abin yake. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri na ƙulla yadda za a yi yaron ya fita ya faɗa hannun abokan gaba, aku kuma kullum dare sai ya riƙe shi da labari har gari ya waye. To, nawa kwafin ana tsakiyar wannan ya katse. Shafin ƙarshe da ya rage ma rabi ne, yagar ta bi ta tsakiyar wata jimla. Na je na ce, "Yaya, don Allah yaya aka ƙare?" Ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Ka girma ka sayi naka."

Shekara biyu ina ɗauke da akun nan a zuciyata. Na yanke wa kaina hukunci cewa Waziri ya gano shi, ya sa an murɗe masa wuya, don ban ga ta yadda ɗan tsuntsu zai tsira daga mai rawani ba. Har na zauna na rubuta wannan ƙarshen a bayan littafina na lissafi, shafi uku cur, da jana'izar aku da kukan Musa. Malaminmu ya gani, na sha faɗa saboda ɓarnar takarda, amma na lura sai da ya karanta har ƙasa kafin ya fara faɗan. Ran da littafi na biyu ya faɗo hannuna, na buɗe na ga ana kiran aku Waziri, sai da na miƙe tsaye. Ashe yana raye, har an naɗa shi.

Bayan shekara talatin da wani abu, na ga babbar 'yata ta kai shekara tara, tana karatu ba laifi, amma in ba an tilasta mata ba ba ta ɗaukar littafi, waya ce abokiyar hirarta. Sai na ƙudura zan karanta mata littattafan da suka raine ni, kowane dare kafin barci. Na nemo su sababbi, masu bango da ƙarshe. Niyyata in gyara ta. Wata huɗu muka yi a kai, kuma yawancin gyaran a kaina ya sauka.

Daren farko da kaina na ɓata shi. Maimakon in buɗe littafi, sai na buɗe baki. Na ba ta tarihin gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, wadda Rupert East ya shirya daga Zariya, da littattafai biyar da suka fito daga cikinta: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Na gaya mata Abubakar Imam an haife shi a 1911, yana ɗan saurayin malamin makaranta a Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, shi da yayansa Bello Kagara mai Ganɗoki duk suka shiga gasar, daga baya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Ina cikin zuba, ta yi hamma ta ce, "Baba, yaushe za a fara labarin?" Kafin in kai shafi na biyu ta yi barci.

Na kwana da haushin kaina. Na karanta littafin da aku ya nuna yadda ake riƙe yaro, amma ban koyi komai ba. Aku bai taɓa ce wa Musa kada ka fita ba. Yana nuna kamar ya yarda, sai ya jefo wata magana da za ta sa yaron da kansa ya ce a ba shi labarin. Daga baya na gano wannan dabara ta girmi Imam nesa ba kusa ba. A Tutinama na Farisa, na ƙarni na 14, wanda shi ma daga labaran Indiya ya samo tushe, tsuntsaye biyu ne a gidan. Ɗaya ta faɗa wa uwargida gaskiya ƙiri-ƙiri, aka kashe ta nan take. Aku ya ga abin da ya faru, ya koma ba da labari, ya tsira, ya kuma tsare matar a gida. Washegari sai na bi sawunsa. Ban yi gabatarwa ba, na fara karatu kawai, kuma daidai inda labari ya ɗauki zafi na rufe littafin na ce sai gobe. Ta yi magiya, na ƙi. Kwana na huɗu na dawo daga aiki na tarar da ita a kwance, littafin a hannunta, ta wuce inda muka tsaya da shafi shida, ta yi sauri ta tura shi ƙarƙashin matashi kamar wadda aka kama da sata. Na yi kamar ban gani ba.

Karantawa da ƙarfi ta nuna mini wani abu da karatun zuci bai taɓa nuna mini ba. Hausar littattafan nan don kunne aka yi ta. Jimla tana tafiya tana sauke numfashi daidai inda mai magana zai sauke, karin magana na zuwa a inda za a yi dariya ko a gyaɗa kai. Ina karantawa sai na riƙa jin muryata a ciki, wato yadda nake magana yau da kullum. Yadda nake fara wasiƙar aiki da ɗan labari kafin in kai ga buƙata, yadda nake jinkirta maganar da ta fi nauyi sai ƙarshe, har yadda nake zargin duk wanda ya cika kirari a gaban mai mulki, ashe duk daga nan na kwaso. Na daɗe ina ɗauka halina ne na haihuwa. Matata ta ji ni ina karatu wani dare, da na fito ta ce, "Yau na san inda ka samo surutunka."

Kalmomi sun ɗan ba mu wahala: sulke, lifidi, zagi, ingarma. Da farko ina tsayawa kan kowace in yi bayani, labari ya huce. Sai na daina, in dai ba ita ta tambaya ba. Ni ma ai ba wanda ya fassara mini su, a cikin labari na tsince su, wasu na yi shekaru ina ba su ma'anar da ba tasu ba, kuma ban mutu ba.

Ruwan Bagaja ne ya fara raba mu. Ina yaro Alhaji Imam, jarumin labarin, gwarzona ne: ya bar gida neman ruwan da zai warkar da Yarima ya kuma wanke Liman, mijin mahaifiyarsa, daga wulaƙanci, duk inda suka haɗu da Malam Zurƙe sai an yi ta kirsa, ni kuwa ina kwance ina dariya har da hawaye. Ita ma ta yi dariyar, amma wani dare ta katse ni ta ce, "Baba, wai shi Alhajin nan ba mugu ba ne?" Na buɗe baki zan kare shi, na rasa ta inda zan fara. Gaskiya ce, da yawa daga cikin abin da yake yi zamba ce tsagwaronta, kuma ana shan wuya a dalilinsa. Bambancinsa da Zurƙe shi ne labarin a bakinsa yake. Shekara talatin ina goyon bayan mutum don kawai shi ne mai cewa "ni". Na sha yin haka a rayuwa ma, wanda ya riga kawo mini ƙara shi nake ba gaskiya. Ban rage son littafin ba ko kaɗan, har gobe ina ganin ba a yi abin dariya da Hausa da ya kama ƙafarsa ba. Sai dai yanzu in na karanta ina tausaya wa Zurƙe.

Ganɗoki kuwa ko shafi goma ba mu yi ba ta ce ita yaƙin ya ishe ta. Na ji zafi kamar an zagi abokina, amma na ajiye shi.

Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya taɓa ba ni kunya ta wata fuska. Ina yaro na rantse Iliya namu ne, da dokinsa Ƙwalele, ina ganin in aka yi tafiya mai nisa za a iske birnin Kib. Na girma na ci karo da labarin Iliya Muromets na Rasha, jarumin da ya yi shekara 33 a zaune ba ya iya tafiya har wasu matafiya suka warkar da shi, ya je ya yi wa Sarki Vladimir na Kiev hidima. Nan take na gane Sarki Waldima na littafin Ingawa, na gane Kib. Na ji kamar an yaudare ni. Haka na ji da na san cewa Imam ma ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da wasunsu. Da na sake karantawa a bana sai haushin ya koma mamaki, don na san asalin amma na kasa ganin ɗinkin. Na gaya wa yarinyar, ina jiran ta ji abin da na ji. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "To ai yanzu Hausa yake ji."

Shaihu Umar na bari a ƙarshe, don a tunanina shi ne mafi sauƙi, ɗan siriri ne, kuma abin da na riƙe daga cikinsa kasada ce: an sace yaro, kura ta cinye ɓarawon, ayari ya keta Sahara, yaro ya tashi a hannun Balarabe ya zama babban malami. Haka na ajiye shi a kaina. Na san akwai uwa a ciki, amma ina yaro duk inda aka koma kanta sauri nake in wuce, in koma wurin raƙuma.

Da na zo karanta wa 'yata sai na iske wani littafi dabam a cikin bango ɗaya. Matar nan ta bar duk abin da take da shi ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta, aka mai da ita baiwa, aka yi ta wucewa da ita daga hannu zuwa hannu har bakin teku, ba ta fasa nema ba. Da ta same shi kuwa, ƙarfinta ya riga ya ƙare, ba ta daɗe ba ta rasu. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malamin makaranta ya rubuta wannan, tun kafin siyasa, tun kafin ya zama Firayim Minista, kuma ya rubuta shi a sanyaye, ba kururuwa, kamar mai ba da rahoto. Wannan sanyin ne ya kayar da ni. Ina karantawa, ga yarinya kwance kusa da ni, kanta a kan hannuna, sai murya ta sarƙe. Na yi tari, na sake gwadawa, ta ƙi fita. Na tuna tawa mahaifiyar, wadda ta rasu shekara shida da suka wuce, da yadda take tsayawa a bakin ƙofa in na yi dare, ni kuwa in shigo ina ƙunƙuni wai an mai da ni yaro.

'Yata ta ɗago ta dube ni. Ba ta taɓa ganina haka ba. Ta ce, "Baba, kawo in ƙarasa maka." Ta karɓi littafin, ta sa ɗan yatsa a kan layi, ta karanta shafukan da suka rage a hankali, tana tuntuɓe a wasu kalmomin, ban gyara mata ko ɗaya ba. Da ta gama ta yi shiru, can ta ce, "Su waye suka sayar da ita?" Na ce mutane ne irinmu, masu magana da harshenmu. Muka daɗe a kan wannan, har uwarta ta leƙo ta ce gobe akwai makaranta.

Da na soma wannan aiki na ɗauka na san littattafan nan kamar tafin hannuna. Abin da na iske shi ne na riƙe abin da yaro ɗan shekara goma zai iya ɗauka, sauran kuwa yana nan a shafi bai je ko'ina ba. Wani wurin ma na ƙara nawa: akwai wata fitowa da na rantse tana cikin Ruwan Bagaja, ta wani tsoho mai ido ɗaya a bakin rijiya, na bincike littafin daga bango zuwa bango babu ita. Ko mafarki na yi, ko wani ya ba ni a baka na liƙa ta a nan, oho.

Kwanan baya na kai wa Yaya ziyara, na ba shi labarin duk wannan, na tuna masa maganar da ya gaya mini ta in girma in sayi nawa. Ya yi dariya har da buga ƙafa. Ya ce, "Kai ma dai! Ai ni ma ban san ƙarshen ba lokacin. A yage na same shi."