Akwai tsaro a Lewiston kuwa?

Duk wanda ya ji cewa a Lewiston nake zaune, a jihar Maine da ke can ƙuryar arewa maso gabashin Amurka, abin da ke fara fita daga bakinsa shi ne, "Ba nan aka yi harbin nan ba?" Nan ne, harbin 2023 da ya kashe mutum 18. Sai tambaya ta biyu ta biyo baya, musamman daga masu iyali da suka samu aiki a wannan yanki suke tunanin tasowa: garin akwai tsaro kuwa? Galibi kafin su kira ni sun riga sun leƙa shafukan nan na intanet da ke ba garuruwa maki kamar 'yan makaranta, wannan A, wancan D, kuma makin ya riga ya zauna musu a rai. Ni ban yarda da wannan makin ba, ko mai kyau ne ko maras kyau, domin na ga mutane sun guje wa wurin da zai rufa musu asiri saboda shi, na kuma ga waɗanda suka saki jiki a inda bai kamata ba.

Lewiston ƙaramin birni ne. A ƙidayar 2020 mutum dubu 37 ne da 'yan kai, amma duk da haka shi ne na biyu a girma a jihar, bayan Portland. Yana bakin kogin Androscoggin, garin Auburn na tsallake, gada ce kawai ta raba su. Masaƙu ne suka gina shi, manyan gine-ginen jan bulo da har yanzu suke tsaye a bakin ruwa, kuma da masaƙun suka mutu sai tsakiyar gari ta koma unguwar talakawa mai arhar haya. Wannan arhar ce ta jawo Somaliyawa tun daga 2001, daga baya 'yan Kongo da Angola da wasu suka biyo. Jihar Maine kuwa kusan kullum ita ce ke da mafi ƙarancin laifukan zubar da jini a Amurka. A 2022 ƙasar baki ɗaya tana da irin waɗannan laifuka kimanin 380 cikin kowane mutum 100,000, Maine kuma ɗari da 'yan kai.

A wannan "cikin kowane mutum 100,000" ɗin ne matsalar take ga ƙaramin gari. Hukumar FBI na tattara alƙaluma daga ofisoshin 'yan sanda tun 1930, ana raba yawan laifin da yawan mazauna, a fitar da lamba. A birni mai miliyoyin mutane lambar ba ta cika tsalle ba. A gari mai dubu 37, kisa ɗaya tak yana nufin kusan 2.7 cikin 100,000. Idan bana an kashe mutum ɗaya, baɗi aka kashe biyu, sai ka ga kanun labari cewa kisan kai ya ninka. Gaskiya ne ya ninka, amma mutumin da ke fita aiki da asuba bai shiga wani sabon haɗari ba. Ita kanta FBI ta daɗe tana gargaɗin kada a yi amfani da alƙalumanta wajen jera garuruwa daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Shafukan ba maki abin da suke yi ke nan.

Ranar Laraba, 25 ga Oktoba 2023, gab da ƙarfe bakwai na yamma, wani mutum ya shiga gidan wasan bolin da bindiga, a daren da yara ke atisaye, ya buɗe wuta. Daga nan ya tuƙa mota zuwa wata mashaya a ɗaya gefen garin ya sake buɗe wuta. Mutum 18 suka mutu, 13 suka ji raunin harbi. Ƙaramin cikinsu ɗan shekara 14 ne, tare da mahaifinsa aka kashe shi. Huɗu daga cikin mamatan kurame ne da suka taru don gasar da suka saba yi a tsakaninsu. Maharin ya ɓace, hukuma ta ce kowa ya zauna a gida ya kulle ƙofa. Makarantu, kantuna, ofisoshi, duk a rufe. Ban taɓa ganin titin Lisbon a haka ba, babu mai tafiya, sai motocin 'yan sanda da ƙarar jirage masu saukar ungulu a sama. Ina aikin kula da tsofaffi, kuma wata tsohuwa da aka haifa a garin ta shaida mini cewa sai da ta nemi makullin ƙofar bayanta, don ta manta yaushe rabon ta da kulle ta. Sai ranar Juma'a da dare aka tsinci gawar maharin a garin Lisbon da ke kusa, ya kashe kansa.

Har yau idan na wuce ta wuraren nan biyu jikina yana sanyi. Amma a duba abin da daren ya yi wa lissafi. Mutum 18 cikin dubu 37 ya kai kusan 49 cikin 100,000, alhali na ƙasar baki ɗaya wajen 6 ne. A jihar da yawancin shekaru kisan kai bai kai 30 ba daga wannan iyaka zuwa waccan, dare ɗaya ya jefa Lewiston sahun biranen da suka fi suna da kisa a Amurka. Wanda ya karanta lambar 2023 zai ce garin filin yaƙi ne. Wanda ya karanta ta 2022 zai ce babu abin da zai taɓa faruwa a nan. Duka biyun lambar ta yaudare su. Maharin ma ba ɗan garin ba ne, daga Bowdoin yake, wani ƙauye mai nisan 'yan mil.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne an ga alamu. Sojan ko-ta-kwana ne, danginsa sun kai ƙorafi tun watan Mayu cewa hankalinsa na taɓuwa kuma yana da bindigogi, an kwantar da shi asibitin masu taɓin hankali a jihar New York a watan Yuli, abokin aikinsa ya yi gargaɗi a watan Satumba. Kwamitin bincike da gwamnar jihar, Janet Mills, ta kafa ya fitar da rahotonsa na ƙarshe a Agustan 2024, ya ce akwai isasshen dalilin da za a tsare shi a raba shi da makamansa a ƙarƙashin dokar jihar, ba a yi ba, kuma shugabanninsa na soja su ma sun yi sakaci. Babu wani makin A ko D da ke auna wannan, wato ko hukumomin wuri suna ɗaukar gargaɗi da muhimmanci idan dangi suka zo da kuka. A Maine, tun 2015, wanda ya kai shekara 21 na iya ɗaukar bindiga a ɓoye a jikinsa ba tare da lasisi ba. Bayan harin ne majalisar jihar ta kafa dokar jiran sa'o'i 72 kafin a miƙa wa mai saye bindiga. Ina goyon bayanta ƙwarai, ko da yake maƙwabtana mafarauta da yawa ba su so ta ba.

Akwai wasu ramukan a cikin alƙaluman. Abin da aka kai wa 'yan sanda kaɗai ake ƙirgawa. Binciken da ma'aikatar shari'a ta Amurka ke yi tun 1973, inda ake bin gidaje ana tambayar mutane abin da ya same su, yana nuna cewa laifukan zubar da jini da ake kai rahotonsu ba su kai rabi ba, na dukiya kuma wajen kashi ɗaya cikin uku ne. A unguwar baƙi kamar tamu abin ya fi haka, don wanda takardunsa ke hannun hukumar shige da fice, ko bai iya Turanci ba, sau da yawa sai ya haɗiye abin da aka yi masa. A 2021 kuma FBI ta sauya tsarin karɓar bayanai, dubban ofisoshin 'yan sanda ba su aika nasu ba, har da na New York da Los Angeles. Sannan ana raba laifin ne da masu kwana a gari, ba da masu wuni a cikinsa ba. Tukwila a jihar Washington mutum dubu 21 ne da wani abu, amma babbar cibiyar kantuna ta jihar a can take, duk satar da aka yi a kantunan a kan mazauna ake lissafa ta, sai garin ya riƙa fitowa a saman jerin wurare masu haɗari.

Ba ina cewa Lewiston babu laifi ba ne. Akwai. A tsakiyar gari, wajen filin shaƙatawa na Kennedy Park da layukan da ke da sunayen itatuwa, Pine da Birch da Walnut, lokacin zafi akan ji ƙarar bindiga da dare, galibi samari ne da rigimarsu ta ƙwaya ko ta gaba. An taɓa buɗe motata cikin dare aka kwashe 'yan canjin da ke ciki da caja. Masu tayar da mota su bar ta tana ɗumi da sanyin hunturu su koma ciki shan shayi, wasunsu sun fito ba su tarar da ita ba. Amma abin yana taruwa ne a wurare ƙalilan. Masanin laifuka David Weisburd ya bi alƙaluman Seattle na shekaru da dama, ya gano cewa kusan rabin laifukan birnin a kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na layukansa suke faruwa, kuma an ga makamancin haka a wasu biranen. Idona ya tabbatar mini da hakan a nan. Akwai kwanar da ba na tsayawa bayan isha'i, layi biyu gaba kuma yara na wasan ƙwallo har magariba, iyaye na zaune a baranda. Maki guda ba zai iya ɗaukar wuraren nan biyu ba.

Akwai kuma wanda idan ya ce "garin ya lalace", launin fatar mazauna yake nufi. A 2002 magajin garin na lokacin ya rubuta wa Somaliyawa buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙon su daina zuwa. A Janairun 2003 'yan tsirarun masu aƙidar fifita farar fata suka zo yin gangami, dubban mutanen gari kuma suka taru a kwalejin Bates don nuna suna tare da baƙin. A 2006 wani ya gara kan alade cikin masallacin titin Lisbon ana tsakiyar salla. A 2015 kuma ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta sakandaren garin, mafi yawan 'yan wasanta 'ya'yan baƙi, ta ci kofin jiha a karon farko, gari ya fito murna. Duk wannan Lewiston ne. Shagunan da a da suke rufe a titin Lisbon yanzu a buɗe suke da fitilu, kuma ni na fi samun natsuwar tafiya a layin da ke da mutane a kan wanda babu kowa.

Idan da gaske lafiyar iyali ake tambaya, abubuwan da suka fi kashe mutane a nan ba su cika fitowa a makin ba. A 2022 sama da mutum 700 ne ƙwaya ta kashe a Maine, mafi yawa fentanil. A kwatanta da kisan kai da bai kai 30 ba. Ina yawo da Narcan a jakata, maganin nan da ake fesawa a hanci ya farfaɗo da wanda ƙwayar ta danne wa numfashi, wanda tun 2023 ake sayar da shi ba sai da takardar likita ba. Mafi yawan waɗanda bindiga ke kashewa a jihar su ne suka harbi kansu, kuma akwai lambar wayar neman taimako, 988, ga wanda ransa ya yi ƙunci. Kisan da wani ke yi wa wani ma, a jihar kusan rabinsa a cikin gida yake faruwa, tsakanin miji da mata ko masoya ko dangi. Wannan ya fi komai tsaya mini, domin mu baƙi mun iya rufe irin wannan magana da sunan kare mutuncin gida. Matar da ake duka, haɗarinta yana cikin ɗaki, ko da unguwar ta ci A.

Sai gidajen kansu. Yawancin na tsakiyar gari benaye ne na katako masu hawa uku ko huɗu da aka gina wa ma'aikatan masaƙa fiye da shekara ɗari, manne da juna. A ƙarshen Afrilu da farkon Mayun 2013, tun kafin zuwana, gobara uku cikin mako guda ta raba kusan mutum 200 da matsuguninsu. Tsohon fentin bangon kuma akwai dalma a cikinsa, don sai a 1978 aka haramta irinsa a gidaje. Yaro mai rarrafe yana shafar ƙurar taga ya kai hannu baki, dalmar ta taɓa masa ƙwaƙwalwa ba tare da wani ciwo ya bayyana ba, kuma Lewiston na cikin garuruwan da suka fi fama da wannan a jihar. A 2021 gwamnatin tarayya ta ba garin dala miliyan 30 don sabunta gidajen wannan unguwa, ana kan aikin.

Don haka mai shirin tasowa, ka zo ka ga layin da idonka, da rana sau ɗaya, da dare sau ɗaya, ka tsaya ka gaisa da wanda ke zaune a ƙofar gida ka tambaye shi. Kafin ka sa hannu a takardar haya, ka danna na'urar gano hayaƙi ka ji ta yi ƙara, ka tabbatar benen yana da matakala ta biyu kuma ba a cika ta da tarkace ba. Doka ta wajabta wa mai gidan da aka gina kafin 1978 ya sanar da kai abin da ya sani game da dalma, ka nemi takardar. Idan kana da yaro ƙarami, ka ce wa likita ya auna masa jini yana shekara ɗaya, a sake yana shekara biyu.