Sunana ne a ƙasan sharhin, amma ba alƙalamina ba ne

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiya a gasarmu ta ƙwallon kwando da kwamfuta ke bugawa ya san cewa daren da sharhin share fagen kaka ya fito ba daren barci da wuri ba ne. Mutum talatin, kowa na gungura waya yana neman inda aka ajiye ƙungiyarsa, kafin asuba kuma tayin musayar 'yan wasa ya fara yawo. Wanda aka ce ɗan wasansa ya tsufa zai tashi neman mai saye, wanda aka ce saura ƙiris ya ɗauki kofi zai fara zubar da damar zaɓen sabbin 'yan wasa ta shekaru masu zuwa don ya cike giɓin. A NBA ta gaske, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ɗan jarida ya rubuta abin da ya ga dama, manajan ƙungiya na da nasa masu leƙen asirin da likitoci da masu lissafi. A gasar da kwamfuta ke bugawa kuwa, yawancin masu ƙungiya ba su da kowa sai mai sharhi. Abin da ya rubuta shi ne farashin kasuwa. Wannan ne babban abin da na fita da shi daga aikin, kuma shi ne dalilin da ya sa bana wani ne zai rubuta muku.

Tsofaffin cikinmu sun tuna yadda aka fara. NBA ta dakatar da wasanni ranar 11 ga Maris, 2020, bayan an samu ɗan wasa Rudy Gobert da cutar korona, mu kuma kulle ya zaunar da mu a gida ba abin kallo. Aka ɗauko Basketball GM, wasan kwamfuta na tafiyar da ƙungiyar ƙwallon kwando, saboda kyauta ne, yana buɗewa a kowace irin waya, kuma ba ya cin data kamar NBA 2K. Aka raba ƙungiyoyi talatin, wasa 82 a kaka, fayil ɗin gasar a hannun mutum ɗaya wanda muke kira Kwamishina. Shi ke danna maɓallin buga wasanni, shi ke shigar da musaya, shi ke amincewa da ita, kuma shi ma yana da tasa ƙungiyar. A lokacin ba wanda ya ga aibin hakan, domin shi kaɗai ke da kwamfutar kirki da janareta.

Ni rabona shi ne rubutu, kuma ban taɓa yin sa da ka ba. Ba na fara duba yawan wasannin da ƙungiya ta ci a bara, sai na fara duba tazarar maki, wato nawa ta zura, nawa aka zura mata. Akwai lissafin da Bill James ya ƙirƙiro don ƙwallon besbol, Daryl Morey ya daidaita shi da ƙwallon kwando da lambar nan 13.91, yana nuna wasa nawa ya kamata ƙungiya ta ci idan aka cire sa'a. Idan ƙungiya ta ci fiye da abin da lissafin ya ba ta, to wasannin kusa da kusa ne suka faɗo mata, kuma kwamfuta ba ta san wani abu wai shi "zuciyar zakara" ba, baɗi za ta karɓe abinta. Daga nan sai na bi abubuwa huɗu da masanin lissafin ƙwallon kwando Dean Oliver ya ce su ke kawo nasara: ingancin jifa kashi 40, zubar da ƙwallo kashi 25, cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando kashi 20, jifan kyauta kashi 15. Sai kuma shekaru, wanda shi ne ya fi ɓata wa mutane rai. A wannan wasan darajar ɗan wasa tana sauyawa ne gaba ɗaya a lokaci guda, da an shiga zangon share fage. Matashi yakan hau, wanda ya doshi talatin yakan fara gangara, gudu da tsalle su ne ke fara tafiya, tsayi ne kawai ba ya zuwa ko'ina. Al'adarmu ita ce sharhi ya fita bayan an rufe kasuwar 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare, kafin Kwamishina ya danna maɓallin shiga zangon share fage. Nan daɗin abin yake, nan kuma haɗarinsa yake.

A kakar da ta wuce, ƙungiyar Kwamishina na tsaye ne a kan mutum ɗaya, ɗan wasan gefe mai shekara 32 wanda duk ƙarfinsa gudu ne da kutsawa ƙarƙashin kwando. Jifansa na maki uku ba abin a zo a gani ba ne. Albashinsa ya cinye kaso mai tsoka na iyakar kuɗin da aka yarda ƙungiya ta kashe, kuma da sauran shekara uku a kwantiragin. Na rubuta abin da lissafi ya nuna: irin wannan ɗan wasa shi ne ya fi saurin faɗuwa, ƙungiyar za ta yi fama kafin ta shiga wasannin fitar da gwani, kuma duk wanda ya saye shi ya sayi nauyi. Na tura wa Kwamishina rubutun kamar kullum, tunda shi ke liƙa wa kowa.

Abin da ya fito da daddare ba shi na tura ba. Sauran ƙungiyoyi ashirin da tara ko waƙafi ba a taɓa ba. Sakin layin ƙungiyarsa ne kawai aka yi wa tiyata. An cire maganar shekaru, an cire maganar kwantiragi, an sa cewa ɗan wasan "na cikin ganiyarsa", kuma duk ƙungiyar da ta same shi ta zama abar tsoro. An ma kwaikwayi yadda nake jera magana, har da irin barkwancin da nake rufe sakin layi da shi. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin ya nuna an zauna ne an yi aikin a natse. A ƙasa kuma ga sunana.

Na kira shi a daren bai ɗauka ba. Washegari da hantsi, kafin ya amsa saƙona, sanarwar musaya ta riga ta fita. Ya tura ɗan wasan ga sabon ɗan cikinmu, ɗalibin nan da ya karɓi ƙungiya ana gab da rufe kasuwa, a madadin zaɓensa na zagayen farko na shekara biyu a jere, ba tare da wata kariya ba ko da zaɓen ya faɗo na ɗaya, haɗe da wani matashi ɗan shekara 21 da lambarsa ta "pot", wato ƙiyasin inda darajarsa za ta iya kaiwa, ke sama. Wanda ya nemi musayar shi ne ya amince da ita, shi ne kuma ya shigar da ita fayil. Dillalin kara ma idan zai yabi tsohon sa, yakan bar mai saye ya buɗe bakin ya duba haƙori.

Na fahimci abin da ya ja yaron. Kowa a gasar nan so yake ya zama Masai Ujiri, tsohon shugaban ƙungiyar Toronto, mu 'yan Arewa ma abin ya fi kama mu tunda a Zariya ya tashi. A watan Yulin 2018 ya ba da DeMar DeRozan, wanda mutanen Toronto ke ƙauna kamar me, ya karɓo Kawhi Leonard da ya rage masa shekara ɗaya a kwantiragi, a 2019 suka doke Golden State suka ɗauki kofi. Labarin da kowa ke riƙe da shi ke nan. Amma Leonard yana da shekara 27 a lokacin, kuma zaɓe ɗaya tak Ujiri ya haɗa da shi, shi ma da kariya. Musayar da aka yi da yaronmu ta fi kama da wadda Brooklyn ta yi a 2013, lokacin da ta karɓo Kevin Garnett yana da shekara 37 da Paul Pierce yana da 35 daga Boston, ta ba da zaɓenta na 2014 da 2016 da 2018, da damar musanya na 2017. Daga cikin wannan ganima Boston ta samu Jaylen Brown, ta kuma bi ta kan zaɓen 2017 ta samu Jayson Tatum, su biyun suka kai ta ga kofin 2024. Da sakin layina ya fita yadda na rubuta shi, wannan misalin ma yana ciki.

Da muka yi magana daga baya, muryarsa a sanyaye take kamar ba abin da ya faru.

"Haba ƙanena, gyara kawai na yi. Rubutunka ya yi tsauri, kar mutane su ce muna kashe wa juna kasuwa."

Na ce, "Yallaɓai, to me ya sa ba ka sassauta na sauran ba? Akwai waɗanda na fi yi wa tsauri."

Sai ya ce ai wasa ne, kar na mayar da shi shari'a, kuma in tuna wa ke saya mini data duk wata. Gaskiya ne, shi ke saya. Ban san cewa kuɗin datar har da sunana a ciki ba.

Na kawo shawara biyu gaban kowa. Ta farko, a ɗauko dokar da NBA ke kira da sunan Ted Stepien, mai ƙungiyar Cleveland a farkon shekarun 1980, wanda ya yi ta rabar da zaɓen ƙungiyarsa har sai da aka hana kowace ƙungiya sayar da zaɓen zagayen farko na shekaru biyu masu zuwa a jere. Da muna da ita, wannan musaya ba za ta ma shiga ba. Ta biyu, duk musayar da ta shafi ƙungiyar Kwamishina wasu mutum uku ne za su duba ta. Na tuna musu abin da ya faru a Disambar 2011, lokacin da NBA da kanta ke riƙe da ƙungiyar New Orleans, kwamishinan NBA na lokacin, David Stern, ya hana musayar da za ta kai Chris Paul Lakers. Har yau ana gardama a kai, kuma tushen gardamar shi ne mutum ɗaya ya zama alƙali kuma mai kaya. Aka ce za a duba. Waɗanda suka biyo ni ta bayan fage suna cewa "wallahi gaskiyarka ce" ba ko ɗaya da ya buɗe baki a fili, kowa na tsoron ranar da tasa musayar za ta je teburin Kwamishina. Ba na kuma cewa ya kwafi fayil ya gwada danna maɓallin a ɓoye don ya ga inda ɗan wasan zai dosa. Abin da na sani shi ne fayil ɗin a hannunsa yake, kuma ba mai iya dubawa.

Aka danna maɓalli, ɗan wasan ya faɗi kamar yadda kowane mai lissafi zai zata. Gudun ya tafi, kutsen ya tafi, albashin ya zauna daram. Tsakiyar kaka sai ga saƙon yaron. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi da ya fi mini sauƙi. Hoton sakin layin ya turo, ya ja jan layi a ƙarƙashin "na cikin ganiyarsa", ya rubuta: "Yaya, saboda kai ka faɗa na yarda." Na tura masa ainihin rubutuna da ranar da na aika shi. Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "Allah Ya isa." Ƙungiyarsa ta ƙare a can ƙasa, cacar da ke raba lambobin zaɓe na sama ga ƙungiyoyin ƙasa ta faɗo da lamba mai kyau, kuma Kwamishina ne ya je ya ɗauki yaron da ya fi kowa a cikin sabbin 'yan wasa.

Wanda zai gaje ni, ga abin da zan bar masa. Ka liƙa rubutunka da hannunka, a gaban kowa, a lokaci guda, kada ya kwana a wayar wani mai ƙungiya ko da limaminku ne. Ka ajiye kwafi mai kwanan wata. Idan sabon shiga ya karɓi ƙungiya, ka rubuta sakin layinsa kamar shi kaɗai zai karanta, domin shi ne zai ɗauki maganarka da gaske.

Sauran ƙanana ne. Kada lambar "pot" ta ruɗe ka, ƙiyasi ce, yara da yawa ba sa kai wa can. Benci na da muhimmanci fiye da yadda ake zato a kakar wasa 82, rauni ba ya sallama. Ƙungiyar da ta fi kowa a kaka ba lallai ta ɗauki kofi ba, Golden State ta ci 73 ta faɗi 9 a kakar 2015 zuwa 2016, Cleveland ta zo ta karɓe kofin a wasa na bakwai. Kada ka yi hasashe ranar da ƙungiyarka ta sha kashi. Mai ƙungiyar da ya fi kowa surutu galibi shi ne bai karanta har ƙarshe ba.

Na riga na yi lissafin bana tun kafin na yanke shawarar tafiya, kuma ba zan bar shi ya ruɓe a waya ba. Zakarun bara sun ci wasanni fiye da abin da tazarar makinsu ta ba su, uku daga cikin biyar ɗin farkonsu kuma sun haura talatin, ina ganin za su sauko. Ƙungiyar nan ta Yamma da kowa ke yi wa dariya saboda tara dogaye za ta ba da mamaki, ta fi kowa cafe ƙwallo kuma ba ta zubarwa, mai jifa ɗaya kawai take nema. Ƙungiyar ɗalibinmu ba ta da kuɗin saye, ba ta da zaɓen baɗi, faɗuwa ma ba za ta amfane ta ba tunda ladan faɗuwar na wani ne. Idan da mai tausayi a cikinku, ya karɓi wannan kwantiragi ya ba shi ko da zaɓen zagaye na biyu ne. Ƙungiyar Kwamishina kuwa tana da matashin nan da ya karɓa, tana da sabon yaron da ya zaɓa, tana da sararin albashi, ga wani zaɓen na sama yana jiran ta. Ita na sa a ta ɗaya, kuma wannan karon ba sai ya gyara komai ba.