Ƙudajen da nake ɗaure wa masu fatsa a watan Maris

Da zarar watan Fabrairu ya raba, wayar shagona ba ta ƙara hutawa. A nan Yokshaya, arewacin Ingila, ranar 25 ga Maris doka ke buɗe kamun kifin tirawut a rafuka, ta rufe shi 30 ga Satumba. Mutumin da ya yi kusan wata shida yana kallon sandar fatsarsa a jingine bayan ƙofa, ai dole hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Kowa da yadda zai fara gaisuwarsa, amma tambayar guda ce: wane ƙuda zan ɗaura ranar farko?

Ga mutanenmu na gida, ƙudan da nake nufi ba mai rai ba ne. 'Yar ƙugiya ce ake naɗe ta da zaren alharini da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaron ruwa, kifi ya gani ya kai bara. Babu tana, babu koto. Ni ɗan Yawuri ne, a cikin taru da mamari na tashi, kuma ranar da na yi wa mahaifina bayanin wannan sana'a a waya, shiru ya yi sannan ya ce, "To kai yaro, kifin nasu wawa ne, ko kuwa yunwa ce ta yi masa yawa?" Na ce, "Baba, da wawa ne da ban sha wahalar koyo ba."

Wahalar kuwa na sha ta a hannun wani dattijo da ke kusa da garin Otley, bakin kogin Wharfe. Karatu ya kawo ni Biradfod, ɗan aikin ƙarshen mako ya haɗa ni da shi, ya ga ina leƙen teburinsa, ya tura mini kujera. Ƙudan farko da ya ba ni shi ne Partridge and Orange: zare ruwan lemo a jiki, gashin makwarwar Turai a wuya, shi ke nan. Na ce a raina wannan ai kafin shayi ya huce na gama. Na ɗaura, ya ɗaga shi wajen taga, ya sa reza ya kankare, ya miƙo mini ƙugiyar tsirara. Na sake, ya sake kankarewa. Kalmarsa ɗaya ce, "Rage." Ni kuwa hannuna ya saba da naɗin rawani, gani nake in abu bai yi kauri ba bai yi kyau ba. Sai da na yi makonni ina zuwa kafin ya jefa ɗaya a akwatinsa bai ce komai ba. Allah ya sani, ranar da aka ba ni takardar digiri ban ji daɗin da na ji a wannan yammacin ba.

Abin da ya cusa mini shi nake ci da shi har yau. Gashin makwarwa sai a zaɓo na baya mai ɗigo-ɗigo, a fige gefe ɗaya, a zagaya shi sau ɗaya da rabi, in ya yi yawa sau biyu. Jikin ya tsaya daidai saitin tsinin ƙugiya, kada ya zarce. A goga wa zaren kaki kafin a fara, don idan ya jiƙe launinsa ya nuna kamar na ƙwaron gaske. Dalilin rage gashin a cikin ruwa yake: silin gashi takwas ko goma kowanne motsinsa yake shi kaɗai, yana buɗewa yana rufewa kamar ƙafafun ƙwaron da ruwa ya ci ƙarfinsa. In ka cika su sai su manne su zama dunƙule, kifi ya zo ya duba ya juya. Wannan salo na arewacin Ingila tsoho ne, tun 1885 T. E. Pritt ya tattara irinsa a littafi, kuma har yau ba a sami abin da ya ture shi a waɗannan rafuka masu duwatsu ba.

To a nan ne nake samun saɓani da wasu masu saye. Mutum zai buɗe 'yar kwalin da na aika masa, ya ga ƙuda siriri, ya bugo waya wai na yi masa rowar gashi. Ya saba da na dozin-dozin da ake zubawa a intanet da sunan Partridge and Orange, alhali gashin kaza ne aka rina, an tula shi kamar tsintsiya, zaren ma na roba. Kifi biyu zai kama kan ya warware. Ba na ɗora laifin a kan masu ɗaurawa, don da yawa daga cikin ƙudajen kasuwa a Kenya ake yin su, kuma akwai gwanaye a can da hannunsu ya fi nawa sauri nesa ba kusa ba. Laifin na dillalin da ke cewa a yi masa mafi araha, kuma ya yi kauri ya cika ido a hoto.

A farkon lokaci ruwa sanyi ƙarara ne, kifi na kwance a ƙasa ba ya son wahala. Wanda ya yi sammako ya wahalar da kansa a banza. Abin jira shi ne fitowar wani ƙwaro mai ruwan toka da ɗan kore da masu fatsa ke kira Large Dark Olive, masana kuma Baetis rhodani. Wajen sha biyun rana zuwa azahar yake tasowa, ya fi son ranar da gari ya yi lumshi ana ɗan yayyafi, kuma sau da yawa bai fi awa guda ba ya ɗauke. Duk wanda ya ga yadda shinge ke fitowa bayan ruwan farko, kaji da ƙadangaru su rikice, ya san abin da nake nufi, sai dai wannan a natse yake.

Saboda wannan awa guda nake ɗaura Waterhen Bloa, kuma shi ne abin alfaharin shagona. Ƙugiya lamba 14, zare rawaya, gashin fiffiken kazar ruwa mai ruwan toka, sai a barbaɗa wa zaren gashin wata 'yar dabba mai kama da ɓera da ke rayuwa a ƙarƙashin ƙasa. Barbaɗawar ce aikin. Dole rawayan ya riƙa leƙowa ta cikin toka-tokan, kamar yadda ake hango rana ta cikin hazon hunturu. In ya rufe gaba ɗaya an ɓata. Yara biyu ke aiki tare da ni, sun iya komai, amma wannan kam ni ke yi da hannuna. A bara, mai kawo mini gashi ya aiko da ƙunshi ya ce na kazar ruwa ne, ina taɓawa na ji taurinsa, na mayar masa. Har yau yana rantsuwa kuskuren ma'aikaci ne, karo na uku ke nan.

Kafin ƙwaron ya fito, sai a bi kifi ƙasa. Nan Pheasant Tail ke aiki, wanda Frank Sawyer, mai kula da kogin Avon a kudancin Ingila, ya ƙirƙira da gashin wutsiyar tsuntsu da siririyar wayar tagulla kawai. Nakan ƙara masa ɗan ƙwallon ƙarfe a ka don ya nutse da wuri a kwarin da ruwa ke gudu. Idan kuma ka ga kifi ya fara fasa saman ruwa, ka sa Klinkhåmer lamba 16, na Hans van Klinken ɗan ƙasar Holan, wanda rabinsa ke rataye cikin ruwa rabi a sama. Huɗu ke nan, kuma a ƙananan ƙoramu sun ishe ka har tsakiyar Afrilu. Akwai wani ƙuda, March Brown, da ake yawan tambayata saboda sunansa na ɗauke da watan Maris, amma ƙwaron da yake kwaikwaya na manyan koguna masu duwatsu ne, a 'yar ƙorama sai ka wuni ba ka gan shi ba.

A babban kogi ana jera ƙuda uku a zare ɗaya. A ƙorama biyu nake ba da shawara, don itatuwa sun rufe sama, na ukun na reshe ne. Sanda mai ƙafa bakwai ta isa. Ka shiga ruwa daga ƙasa kana hawa, domin kifi inda ruwa ke fitowa yake fuskanta, ta baya ake zuwar masa. Jifa gajere, ka ɗaga sanda, kada ka bar inuwarka ta riga ka. Wannan na ƙarshen tun a Yawuri na san shi, da ranƙwashi aka koya mini.

Akwai wani likita Bakano a Lids da ya shiga harkar nan shekara uku da suka wuce. Ya zo shago ya zaɓi dozin biyu, na faɗi kuɗi, ya ce, "Haba Malam, ɗan wannan abin? Ai ko gashin bai kai na gira ba." Ya taya rabi, na ce, "Albarka, Likita." Ya tafi ya sayo na intanet. Sati biyu da buɗe ruwa sai ga shi, ya yi sallama ya zauna, muka gaisa har da tambayar iyali, can ya ce, "Malam, wannan mai rawayan yana nan kuwa?" Yana nan. Bana shi ne na farko a littafin oda, tun Janairu ya rubuta sunansa, ya kuma roƙi in raka shi wata ƙorama da ke zuba a Wharfe ranar 25. Na ce ya zo shago ƙarfe goma da rabi, ya taho da shayi a fulas.